Rabin Sakan na Lamba Tara

Ranar Litinin da hantsi Dogo ya leƙo daga bayan kwamfutarsa, kofin shayi a hannu, yana dariya. Ya ce, "Malama, zo ki ga na'urar gidanku. Wallahi akwai ta da tsegumi. An yi girgizar ƙasa can bayan teku, ta riga kowa ji."

Auta ta yi dariya ita ma, don Dogo ba ya buɗe baki sai da zolaya. Shi ne mai kula da na'urori a ofishin binciken ƙasa, ita kuwa aikinta ta haɗa hoto daga abin da na'urorin suka ji. Ta zagayo ta tsaya a bayansa. Layuka ashirin ne a jere a fuskar kwamfutar, kowanne na na'ura ɗaya, suna tafiya sambal, sai a wuri ɗaya suka zabura tare kamar an tsikare su da allura. Duk tare, ban da na tara. Shi ya yi tasa zaburar tun sauran ba su farga ba.

Ta ce, "Da nawa ta riga su?"

"Rabin sakan."

Nan take ta daina dariya.

Wanda bai san aikin ba zai ce, yo mene ne abin tada hankali a rabin sakan, ai ko atishawa ba a gama ba. To, bari a yi masa bayani, don a wannan sana'a rabin sakan ba abin wasa ba ne. Shekara biyu da suka wuce ƙasa ta girgiza a garin. Katangar makaranta ta zube, tankin ruwa ya karkace, mutum uku suka rasu. Masana suka ce akwai tsaga a ƙarƙashin unguwar, inda manyan duwatsu biyu ke gugar juna, amma ba wanda ya san daidai inda ta bi, kuma ba mahalukin da zai tona rami mai zurfin kilomita uku ya leƙa. Sai aka binne na'urori ashirin a jere a bayan gidajen mutane, tun daga kan tudu har bakin rafi, aka bar su suna saurare. Duk lokacin da ƙasa ta motsa, ko da motsin da kare ma ba zai ji ba ne, girgizar takan ratso duwatsu ta iso, kowace na'ura ta rubuta lokacin da ta iso mata. A cikin dutse mai ƙwari gudu take yi. A cikin wanda tsaga ta niƙe kuwa sai ta yi ta jan ƙafa. Daga wannan sammako da makara kwamfuta ke zana hoton cikin ƙasa, shuɗi inda dutse yake lafiya, ja inda ya rugurguje.

Wata goma sha huɗu Auta ta yi tana tara girgiza, har sun haura ɗari uku. Da hoton ya fito, jan zirin ya bi ta ƙarƙashin layin gangare, gida talatin da ɗaya. Layin tudu kuwa, inda gidan mahaifinta yake, shuɗi tas. Ranar da ta gani sai da ta shiga banɗaki ta yi kukan murna, ta wanke fuska, ta fito ta sa hannu a rahoto. Mako uku ke nan da hukumar gari ta raba wa mutanen gangare takarda cewa su tashi, an ba su fili a bayan gari. Gata, ranar Alhamis, za a yi zaman ƙarshe, daga nan sai katafila ta shiga.

Girgizar da ta zo daga can bayan teku kuwa daga ƙasa tsaye take tasowa, kusan lokaci ɗaya take buga na'urorin duka. Ba dalilin da zai sa ɗaya ta riga saura haka.

Dogo ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ko dai gidanku a kan ƙarfe yake zaune, ko agogonta ya fara hauka. Yaushe rabonki da duba ta?"

Ta ce, "Kwanan nan."

Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce tun kafin ta rufe baki. Dogo yakan zagaya na'urori goma sha tara duk wata da jakarsa da tsummansa. Ta lamba tara kuwa ita da kanta ta soke ta daga jerinsa, ta ce masa ya bar ta, ai gidansu ne, ita za ta riƙa dubawa. Dubawar kuwa ita ce ta ɗaga waya ta ce, "Baba, akwatina yana nan lafiya?" shi kuma ya ce, "Lafiya lau, Auta, ko ƙuda bai sauka a kansa ba." In ta je gida ma a falo take yada zango, ta ci ta sha, ta yi wasa da 'ya'yan yayanta, ta kama hanya. Bayanai suna zuwa ofis ta layin waya ba fashi, lambobi suna kyau, kuma abin da take so su faɗa shi suke faɗa. Wata goma sha ɗaya rabonta da taka bayan gidan.

Ta ɗauki jakar kwamfutarta ta ce wa Dogo za ta leƙa ta dawo. Ta sauka ta shiga motarta.

Ba yadda za a yi a kai layin tudu ba a ratsa ta gangare ba, ga shi kuwa ranar ba ta so ta ga kowa. Layin ya zama kamar kasuwa ta watse. Katifu a jingine da bango, ƙofofi an ciccire an jera su a ƙasa, wani mutum yana fama da guduma yana zare ƙusoshi daga katako yana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta rage gudu saboda wata motar kaya da ta tare hanya, sai ta ji an buga gilashinta.

Inna mai ɗinki ce, aminiyar marigayiya mahaifiyarta, wadda ta ɗinka mata kayan makarantarta na farko. An fito da keken ɗinkinta an ajiye a gindin bishiyar lemo an rufe da zane, a samanta kuma maza biyu suna kan rufi suna ɓamɓare kwano.

"Auta, 'yar albarka! Za ki wuce ba ki gaishe ni ba?"

Ta fito ta durƙusa. "Ina wuni, Inna. Wallahi ban lura ba ne."

"Tashi, tashi. Kin ga mun fara. Na ce gara in cire kwanona da kaina da a zo a lanƙwasa mini shi." Ta kama hannun Auta ta riƙe gam. "Shekara talatin da takwas a ɗakin nan. Lemon nan ne kawai ke ba ni tausayi, shi ba a ɗaure shi a mota. Amma rai ya fi gini. Kullum sai na sa miki albarka. Da ba don karatunki ba da ƙasa ta haɗiye mu muna zaune muna ta surutu."

Auta ta ce amin da wata murya da ita kanta ba ta gane ba. Wani fallen kwano ya sulalo daga sama ya faɗi ƙasa da ƙara, ta zabura har Inna ta yi mata dariya, wai mai auna girgizar ƙasa ce ke tsoron kwano.

Baba yana ƙofar gida a kan bencinsa, yana gyaran ƙotar shebur. Magini ne, ko da yake gwiwa ta sauko da shi daga kan katanga shekara shida ke nan, hannun dai bai yarda ya yi ritaya ba. Gidan nan shekara goma sha tara ya yi yana gina shi, ɗaki ɗaya bayan ɗaya, a ranakun hutu, bayan ya gama gina na mutane. Yanzu shi ne a ciki da matar babban ɗansa da jikoki huɗu, don shi Yaya direban babbar mota ne, sai ya yi mako uku bai kwana gida ba.

"A'a! Yau likitar duwatsu ce da rana tsaka? Ko an kore ki ne?"

"Baba, na zo duba akwatina."

Fuskarsa ta washe. Ya jingine shebur ya miƙe yana dafa gwiwa. "Yau dai Allah ya yi. Ina ta jira ki gani da idonki, na ƙi gaya miki a waya."

Ta bi shi ta lungun kicin, suka wuce igiyar shanya, suka ɓulla bayan gida. Sai ta ja ta tsaya.

A inda ta bar murfin na'ura a fili da wata gajeriyar sandar ƙarfe a gefensa, yanzu wani ɗan ɗaki ne tsaf, tsayinsa bai wuce ƙugu ba. Bulo ne da filasta, an shafe shi sumul, da 'yar ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Rufinsa kankare ne mai kaurin tafin hannu, har da ɗan baki da aka fitar don zubar ruwa. Faifan sola yana waje a kan sandarsa, an goge shi yana ƙyalli.

Baba ya buga rufin da tafin hannu. "Rodi shida na sa a ciki. Ko giwa ta hau ba abin da zai same shi. Ruwan indararon maƙwabta ne ya riƙa zuba a kai, ga yaran nan da ƙwallonsu. Na ce kayan 'yata ba za su lalace a gidana ba, a je ana cewa uban magini ne."

Ta ce, "Yaushe ka yi shi, Baba?"

"Da ruwan farko na bara. Kin ce faifan nan rana yake ci, kada a rufe shi, kin ga kuwa ban rufe ba."

"Ɗan farin abin nan fa, na kan sanda?"

"Mai kama da ƙwan agwagwa? Yana ciki abinsa, a bushe. Ai ba ki ce komai a kansa ba."

Gaskiyarsa ne, ba ta ce ba. Ɗan farin abin nan eriya ce, ita ke kallon sama tana karɓo lokaci daga tauraron ɗan'adam tana saita agogon na'urar. In aka rufe mata sama, agogon ba ya tsayawa, kuma ba ya kuka. Sai dai ya ci gaba da tafiya da ka, kullum yana ɗan ja baya kaɗan-kaɗan, yadda ba mai lura.

Ta karɓi makulli ta buɗe, ta durƙusa a ƙasa da kayan ofis ɗinta. Ciki fes, ko yanar gizo babu. Ta kwance eriyar ta jawo ta waje iya tsawon wayarta, ta ɗora a kan rufin, ta haɗa kwamfutarta ta zauna jira. Baba yana tsaye a kanta yana ba ta labarin yadda ya haɗa kwaɓin simintin, ita kuwa idonta yana kan kwamfutar. Minti huɗu aka yi. Sannan agogon ya kama tauraro, ya yi tsalle gaba. Rabin sakan da ɗan ɗoriya.

Abin a fili yake. In agogonka yana baya, baƙon da ya iso a makare sai ka rubuta ya zo da wuri, har ka yabe shi da sauri. Wata goma sha ɗaya lamba tara tana rubuta cewa girgiza na iso mata da gudu, kwamfuta kuma ta yarda, ta shafa wa ƙasan gidan shuɗi.

Baba ya ce, "Yaya, aikin ya yi?"

"Ya yi kyau, Baba."

"To me ya sa kika yi zuru kamar an aiko miki da rasuwa?"

Ta ce rana ce ta buge ta. Ta ƙi tsayawa cin abinci, abin da ba ta taɓa yi ba, matar Yaya har ta biyo ta ƙofa tana tambaya ko wani abu aka yi mata.

Da ta koma ofis ta ce wa Dogo agogon ne, ta gyara. Bai tambayi tun yaushe ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya ce shi ke nan, ashe mai tsegumin ma ƙarya take yi, ya juya ga aikinsa.

Ranar Talata tun kafin mai shara ya gama ta iso. Tunda ta san lokacin da aka zuba rufin, ta kuma san yawan jinkirin a yau, lissafin gyaran ba wuya. Ta gyara lokutan girgiza ɗari uku da 'yan kai, ta saki kwamfuta ta sake zana hoton. Aikin awa uku ne. A cikin awa ukun nan ta tashi ta zauna ya fi sau ashirin, ta haɗa shayi ya huce ba ta taɓa ba, ta yi ta roƙon Allah a zuci. Ba wani roƙo mai yawa ba ne, cewa take ya Allah ja ya tsaya inda yake. Sai can ta tuna abin da take roƙo ke nan a kan Inna mai ɗinki, kunya ta kama ta, amma ba ta daina ba.

Hoton ya fito da azahar. Jan zirin ya bar gangare ya hau tudu. Ashe tun farko jinkirin yana nan, na'urorin maƙwabta suna jin sa, amma da lamba tara ta rantse cewa ƙasanta lafiya, sai kwamfuta ta rasa inda za ta ajiye shi ta ture shi gefe, ya faɗa kan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Yanzu ga shi a mazauninsa, ya bi layin tudu tun daga kanti har injin niƙa, lamba tara a tsakiyarsa.

Ta ce ƙila ita ta yi kuskure a gyaran. Ta cire lamba tara gaba ɗaya ta sake saki. Wata awa ukun. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, amma jan bai gusa ko taku ɗaya ba.

To, a nan fa Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da ita, kuma kada wani ya yi saurin cewa shi da ba zai saurare shi ba. Wa ya sani? Ita kaɗai. Dogo ya riga ya manta. Rahoto ya wuce, an buga hatimi, mutanen gangare sun riga sun cire ƙofofinsu, an ba su fili, har albarka suke sa mata. Tsagar nan ƙila ta yi shekara hamsin ba ta sake motsi ba. In kuwa ta buɗe baki, gidan Baba ya tafi, aikinta ƙila ya bi shi, kuma duk garin zai ji cewa 'yar magini ta tashi gida talatin da ɗaya a banza, nasu gidan kuma ya tsira. Wa zai yarda kuskure ne? Ita kanta da ta ji labarin a kan wata ba za ta yarda ba. Ta kashe kwamfutar ta zauna tana kallon baƙin gilashin.

Da safiyar Laraba ta koma gida. Ta tarar jikokin suna shirin makaranta, ƙaramar tana kuka an rasa takalminta ɗaya. Ta jira suka fita, matar Yaya ta raka su, sannan ta zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba a falo ta buɗe kwamfuta. Ta nuna masa hoton farko, ta nuna masa na biyu. Ta yi masa bayanin eriya da agogo da baƙon da ya makara. Bai katse ta ba ko sau ɗaya. Shi mutum ne da ya san abin da ake nufi da ma'auni ya karkace.

Da ta gama ya daɗe yana kallon jan. Ya sa yatsa a kai.

"Nan ne mu?"

"Nan ne, Baba."

"Wato garin gyaran gira na tsokane ido."

"Ba kai ba ne, Baba, wallahi ba kai ba ne. Ni ce ban gaya maka ba, kuma ni ce ban zo na duba ba."

"Wa ya sani bayan ke?"

"Ba kowa."

Ya janye yatsansa. Agogon bango yana ta bugawa, wani mai sayar da ruwa ya wuce a waje yana kira. Sannan Baba ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ta ba, "To ki bar shi a ba kowa."

Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Wannan mutumin ne fa ya taɓa rushe katangar da ya yi kwana huɗu yana ginawa don ya gano yashin da aka kawo masa da ƙasa a ciki, mai gidan yana roƙonsa ya bari.

"Baba..."

"Saura kwana nawa gare ni, Auta? Ki bari in fita daga gidan nan a kwance, sannan ki faɗa musu duk abin da kika ga dama. A ɗakin can uwarki ta cika. A wancan aka haife ki. Ina za ni da gwiwar nan? In je bayan gari in fara aza tubali a shekara saba'in da huɗu?"

"Yaran fa? Su huɗu suna kwana a kan abin nan."

"Allah ke tsarewa."

"Shi ke tsarewa, Baba. Shi ne kuma ya nuna mana." Ta ƙara da cewa, "Shekaranjiya na ga ana cire wa Inna kwano. Tana sa mini albarka."

Sai ya ɗaga murya, abin da rabonta da ji tun tana 'yar makaranta. "Ni na ce a kawo abin nan gidana? Ke kika zo kika ce Baba ara mini bayan gida. Na ara miki, na tsare miki shi kamar ƙwai, sakayyata ke nan? Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. A bakin ƙofa ta juyo ko zai ƙara cewa wani abu, ta ga ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna motsi. Ba ta taɓa ganin haka ba ko ranar da aka fita da mahaifiyarta.

Ta fi rabin awa a cikin mota a ƙofar ofis, hannu a kan sitiyari, ta kasa fita. Ba wata jarumta ce ta fitar da ita ba, kada a yi mata ƙarya. Tsoro biyu ne suka yi kokawa a cikinta, na fushin Baba da na ranar da za a kira ta a waya a ce ƙasa ta motsa, ɗaya ya kada ɗaya. Ta hau sama ta ce wa Dogo ya ajiye kofin nan ya biyo ta, suka shiga wajen Farfesa, shugaban sashen.

Farfesa ya cire tabarau ya mayar ya fi sau biyar. Ya tambaye ta wa ya ba ta izinin soke na'ura daga jerin dubawa, ta ce ba kowa. Ya tambaye ta ko ta san na'urar tana rubuta duk ranar da ta rasa tauraro a wani ɗan fayil, ta ce ta sani. Ya ce to me ya hana ta buɗe shi? Ta ce, "Hoton ya yi mini daɗi ne, Farfesa." Farfesa ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce maganar aikinta za a yi ta daga baya, sannan ya ɗauki waya ya kira hukumar gari ya ce a dakatar da zaman gobe.

Aka ba wasu masana biyu daga wani ofis bayanan su sake lissafi da kansu. Kwana goma sha shida suka yi. A kwanakin nan Auta ta rame har siket yana juya mata a ƙugu. Ta kira Baba sau ba adadi, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Yaya ya kira ta daga kan hanya ya wanke ta tas, ya ce karatun da zai raba uba da gidansa ba karatu ba ne. Mutanen gangare aka ce su dakata. Wasu suka yi murna, wasu suka yi zagi, don mai mayar da ƙofar da ya cire da hannunsa ba godiya ce ke fara zuwa bakinsa ba. Ta haɗu da Inna mai ɗinki a bakin kanti, ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta amsa da "lafiya" guda ɗaya ta gyara mayafi ta wuce. Rabin ɗakinta leda ce a kai, ga damina ta kusa.

Masanan suka dawo da hoto iri ɗaya da nata na biyu. Gida ashirin da shida a layin tudu.

Ranar da ma'aikatan hukuma suka fito sa alama, dole ta bi su, don ita ta san inda zirin ya fara da inda ya ƙare. Mutum biyu ne, ɗaya da takarda, ɗaya da bokitin jan fenti da buroshi. Suka faro daga kanti. Kowane gida sai mai fenti ya ja gicciye babba a bango ya rubuta lamba a ƙasansa, matan gida suna leƙe ta taga, ba mai ce wa Auta sannu. Tana tafe tana ƙirga gidajen da suka rage kafin nasu.

Baba yana tsaye a ƙofa, ya sa farar rigarsa ta fita. Ta gaishe shi, bai amsa ba. Mai takarda ya karanta abin da aka rubuta masa ya karanta. Mai fenti, wanda ya riga ya gaji, ya tsoma buroshi ya kai bango ya fara ja sakaka, layin ya tafi a karkace, fenti yana ɗiga yana gangarowa kan filasta.

"Kai! Dakata."

Mutumin ya tsaya, ya kalli Auta, ya kalli abokinsa. Auta ta san in Baba ya ce ba za a taɓa bangon nan ba, 'yan sanda za a kira, kuma a gabanta za a yi.

Baba ya sauko daga dakali yana dafa gwiwa, ya miƙa hannu. "Ba ni nan. Wa ya koya maka riƙe buroshi? Bangon mutane ne, ba allon wasa ba."

Ya karɓa, ya share bakin buroshin a gefen bokiti har ya daina ɗiga. Ya ja baya taku ɗaya ya auna da ido. Sannan ya ja layin farko daga sama zuwa ƙasa, ya rufe karkataccen da shi, ya ja na biyu ya gicciya shi, kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Ya tambayi lamba, aka ce goma sha huɗu, ya rubuta ta a ƙasa da kyau. Ya miƙa wa mai fenti buroshinsa.

Ya tsaya yana goge yatsunsa da ƙyalle, idonsa a kan bango.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Shiga ki taya matar yayanki ɗaure kaya. Ɗakin uwarki kada kowa ya taɓa. Ni zan kwashe shi."